Kaska da ma'aikacin gandun daji: cizon da aka raina a ƙasar Kabi

Duk wanda ya tashi a garin da ake kiwo a ƙasar Kabi ya san kaska tun kafin ya san baƙi da wasali. Ya ga makiyayi ya durƙusa da sassafe yana tsince ta daga hantsar saniya da gindin wutsiya, ya ga carki a kan tozon sa yana yin wannan aikin da baki, ya kuma ga kunnen kare ya cika da ita har karen ya rasa sukuni. Wannan sabon da aka yi da ita shi ne mafarin matsalar, domin abin da ido ya saba gani a jikin dabba, zuciya ba ta cika ɗaukarsa haɗari ga ɗan Adam ba. Idan kaska ta kama mutum, abin da aka saba yi shi ne a fizge ta, a murtsuke ta tsakanin farce biyu, a goge jinin a jikin wando, a ci gaba da aiki. Bayan kwana biyar ko mako guda idan zazzaɓi ya zo, babu mai tunawa da ita, sauro za a ɗora wa laifin.

Waɗanda maganar ta fi shafa su ne mutanen da daji ne wurin neman abincinsu. Akwai malaman daji da masu gadi da ke sintiri a gandayen gwamnati, akwai leburorin da ke renon dashe da dasa shi, da masu share iyakar gandu da yanke layin kare gobara idan kaka ta yi. Akwai masu aikin katangar bishiyoyi ta tare hamada, shirin da aka ƙaddamar a Bachaka ta ƙaramar hukumar Arewa a 2014, wanda ya haɗa jihohi 11 har da Kebbi da Zamfara. Bayan waɗannan kuma akwai ɗimbin jama'ar da sunansu ba ya cikin takardar albashin kowa: masu saran itace da ƙona gawayi, masu ɗiban zuma, da matan ƙasar Zuru da Yawuri da ke fita tsintar ƙaɗanya tun asuba a farkon damina, daidai lokacin da manyan kaska suka fi yawa a cikin ciyawa.

Ba za a gane hanyar kariya ba sai an san halittar kanta. Kaska dangin gizo-gizo da kunama ce. Babbarta ƙafa takwas gare ta, ba ta da fiffike, ba ta kuma tsalle kamar ƙuma. Rayuwarta mataki huɗu ce: ƙwai, sai jaririya mai ƙafa shida wadda ba ta fi ƙwayar yashi ba, sai matashiya kamar ƙwayar riɗi, sannan babba. Bayan ƙyanƙyashewa, a kowane mataki sai ta sha jini sau ɗaya kafin ta wuce zuwa na gaba. Macen da ta ƙoshi takan faɗo ƙasa ta zuba ƙwai a wuri guda, a wasu nau'o'in fiye da 10,000, sannan ta mutu. Wannan ne ya sa mutum biyu za su ratsa fili ɗaya, ɗaya ya fito da ƙananan kaska rututu a ƙafar wando, ɗayan da ya kauce da taku uku bai kwaso ko guda ba.

A ƙafafunta na gaba akwai wata gaɓa da take jin numfashin dabba da ɗumin jiki da warin gumi da ita. Yawancin kaska sukan hau kan tsinin ciyawa, irin su gamba da kyasuwa, su miƙa ƙafafun nan biyu suna jira, duk abin da ya goga sai su maƙale. Daga nan ba ta gaggawar cizo. Takan yi ta hawa jiki har ta sami wuri mai laushi da ɗumi, ta kafa bakinta mai kama da kibiya mai kunnuwa, ta kuma zuba wani abu kamar danƙo da ke liƙe ta da fata. A cikin yawunta akwai sinadaran da ke kashe jin zafi da hana jini daskarewa, don haka sai ta kwana uku ko fiye a jikin mutum bai sani ba. Ta cikin wannan yawun ƙwayar cuta ke shiga jini, kuma wasu ƙwayoyin uwa ce ke gadar wa ƙwanta da su, har ya zama jaririyar da ba ta taɓa cizon kowa ba tana ɗauke da cuta.

Dalilin da ya sa gandayenmu suka zama matattarar kaska ba ɓoyayye ba ne. Noma ya cinye burtali da labi a wurare da yawa, shanu da tumaki kuwa dole su ci, don haka gandun daji ya koma makiyaya ko doka ta yarda ko ba ta yarda ba. Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, garken shanu da raƙuma suna gangarowa kudu da rani su koma arewa da damina, kowane garke da kaskarsa. Ƙananan kaska sun fi rayuwa a jikin zomo, bushiya, kurege, zabin daji da fakara, manyan kuma a jikin shanu da raƙuma, gandun daji kuwa shi ne inda ɓangarorin biyu suke haɗuwa. Wuraren da suka fi haɗari su ne bakin mashaya, tsohon mashekari, da inuwar tsamiya ko maɗaci da shanu suka saba kwanciya da rana. Abin damuwar shi ne wannan inuwar ce ma'aikaci ma yake nema idan rana ta take, a nan yake kwance ɗaurin abincinsa, a nan yake sallar azahar, wani lokaci har ya ɗan kishingiɗa.

Nau'i biyu ne ya kamata kowane ma'aikacin daji a yankinmu ya iya ganewa da ido. Ta farko ita ce kaska mai zane, wadda masana ke kira Ambiliyoma. Namijinta yana da ado a baya mai ruwan jan ƙarfe da baƙi, bakinta dogo ne, makiyaya kuma sun san ta sarai domin inda ta yi yawa a nan kirci ke tsananta a jikin shanu. Ta fi son inda ake samun ruwan sama sosai, kamar Zuru, Sakaba, Danko-Wasagu, Fakai da Ngaski. Manyanta suna fitowa da saukar damina, jarirai a ƙarshen damina, matasan kuma da hunturu, saboda haka babu wani watan da za a ce an huta da ita gaba ɗaya. Ƙananan nan, waɗanda ido ba ya saurin gani, su suka fi kama mutum.

Ta biyu ita ce Hayaloma, mai dogayen ƙafafu masu ratsin fari da ja kamar an sa musu zobba. Tana jure zafi da fari, ita ce kaskar raƙuma da shanun sahel, don haka ta fi yawa a arewacin jihar, wajen Arewa, Dandi, Augie da Argungu. Halinta ya bambanta da na sauran, domin ba ta tsaya jira a kan ciyawa. Takan ɓuya a tsagar ƙasa ko gindin kututture, idan ta ji motsi ta fito a guje, kuma tana iya bin dabba ko mutum har kusan mita 100. Wanda ke aikin dashe a fili mai yashi, inda babu doguwar ciyawa, yana iya zaton ya tsira, alhali ita daga ƙasa take hawowa ta kan takalmi.

Cutar da kaska mai zane ke sa wa mutum ana kiran ta zazzaɓin cizon kaska na Afirka, wata ƙaramar bakteriya ce ke haddasa ta. Takan bayyana bayan kwana biyar zuwa bakwai da cizon, da zazzaɓi, ciwon kai, ciwon jiki musamman tsokar wuya, da kaluluwa a matsematsi ko hammata a gefen da aka yi cizon. Alamar da ta fi bambanta ta ita ce wani ɗan miki mai baƙin ɓawo a tsakiya, kamar an ɗiga wa fata garwashi, a daidai inda kaskar ta zauna, wani lokaci fiye da guda ɗaya. An gano wannan bakteriya a jikin kaskar shanu a Najeriya, a Filato da kuma wajen Ibadan. Ba ta cika kisa ba, kuma maganin doksisaikilin na kimanin mako guda, idan likita ya rubuta shi, yana kawar da ita. Sai dai yawancin abin da likitoci suka rubuta a kanta daga Turawa masu yawon buɗe ido aka samo shi, waɗanda suka koma gida da zazzaɓi aka bincike su da kyau. A farar fata baƙin ɓawon nan da ƙurajen da kan biyo baya suna fitowa ɓaro-ɓaro, a tamu fatar kuwa sai an duba da gangan, kuma sau da yawa mikin yana wurin da mutum ke jin nauyin nunawa.

Wadda ta fi tayar da hankali ita ce ta Hayaloma, zazzaɓin zubar jini na Kirimiya da Kongo. An fara bayyana shi a yankin Kirimiya da ke gabashin Turai a 1944, aka sake samun ƙwayar cutar a Kongo a 1956, sai a 1969 aka gane cewa bairos ɗaya ne, aka haɗa masa sunayen biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yana kashe kashi 10 zuwa 40 cikin 100 na waɗanda suka kwanta da shi, kuma babu allurar rigakafin da aka amince da ita a duniya, ga mutum ko ga dabba. Idan ta hanyar cizon kaska ne, alamu kan fito cikin kwana ɗaya zuwa uku, ba sa wuce tara. Idan ta hanyar taɓa jinin dabba ko na majinyaci ne, kwana biyar zuwa shida, ba sa wuce 13. Yana farawa farat ɗaya da zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da baya, jan ido da ƙin haske, amai da gudawa, bayan 'yan kwanaki kuma sai haɓo, jini a dasashi, tabon jini a ƙarƙashin fata, da baƙin bahaya. Waɗanda ajali ya riska, galibi a mako na biyu ne. Saniyar da ke ɗauke da bairos ɗin ba ta nuna ciwo ko kaɗan, tana kiwonta lafiya lau alhali jininta yana iya harbin wanda ya yanka ta na kimanin mako guda. Haka nan ruwan cikin kaskar da aka murtsuke da yatsa yana iya shiga ta tsagar fata, yatsun mai aikin gatari da adda kuwa ba sa rabuwa da tsaga.

Kada a ɗauka wannan labarin wata nahiya ne. Tun a shekarun 1960 masu bincike a Jami'ar Ibadan suka samo wannan bairos a jikin kaska da shanu da bushiya a Najeriya. Wani binciken da aka wallafa a 2016 ya sami alamar cewa kusan ɗaya cikin goma na jinin mutanen da aka gwada a jihar Borno ya taɓa haɗuwa da shi. An yi ɓarkewarsa a Muritaniya a 2003, ana kuma samun masu kamuwa a Senegal. Yanayin yankunan sahel na waɗannan ƙasashe, da dabbobinsu, da kaskarsu, ba su da wani bambancin kirki da na arewacin Kebbi.

Akwai kuma wata kaska mai laushin jiki da ke zaune a ramukan ɓeraye a yankin sahel, tana fitowa da dare ta sha jini cikin mintoci ta koma. A Senegal, Mali da Muritaniya an tabbatar tana sa zazzaɓin da ke tafiya ya dawo bayan 'yan kwanaki, sau da dama. Mai kwana a ƙasa a bukkar gandu ya san da zamanta.

Duk waɗannan cututtuka da zazzaɓi da ciwon kai suke farawa, kuma a nan ne gizo ke saƙar. A ƙasarmu zazzaɓi sunansa maleriya, idan ya ƙi jin magani a ce taifot ne, idan ya ƙi jin na taifot a koma ga jiƙo ko a ce sammu ne. Ma'aikaci ya dawo daga daji jikinsa ya yi zafi, ya aika yaro kemis a haɗo masa magani, ya sha kwana uku bai ji sauƙi ba, domin maganin maleriya ba ya taɓa bakteriyar kaska. Ko ya je asibiti, gwajin da ake da shi a kusa na maleriya ne, kuma da yake da yawanmu muna yawo da ƙwayar maleriya a jini ba tare da ciwo ba, gwajin na iya nuna akwai ta, a rufe bincike a nan alhali wani abu dabam ne ya kwantar da shi. Idan jini ya fara zuba, tunanin ma'aikacin lafiya zai tafi ga zazzaɓin Lassa, wanda ya fi sani. Ni a ganina rashin jin labarin cutar kaska a asibitocinmu shaida ce ta cewa ba a neman ta, domin likita ba ya tambayar cizon kaska, majinyaci kuma ba ya ganin abin ya kai a faɗa.

Wanda ya nemi bayani a intanet zai tarar kusan duk maganar kaska a kan cutar Layim take, wadda aka sa wa sunan wani gari a Amurka inda aka lura da ita a 1975, aka kuma gano bakteriyarta a farkon shekarun 1980. Kaskar da ke yaɗa ta ta dazuzzukan ƙasashen sanyi ce, kuma akwai wata ƙa'ida tata da ke iya yaudarar mutanenmu, wato cewa sai kaska ta wuce awa 24 a jiki kafin ta sa cuta. Wannan lissafin na Layim ne, bai kamata a auna sauran cututtuka da shi ba, domin wasu ƙwayoyin suna cikin yawun kaska tun kafin ta kafa baki. Darasin da ya dace mu ɗauka daga Turai na tsari ne. A Ostiriya ma'aikatan daji da manoma aka fara yi wa rigakafin ciwon ƙwaƙwalwa na kaska a shekarun 1970, kafin a faɗaɗa shi ga kowa a 1981, a Jamus kuma ana lissafa cutar kaska cikin cututtukan da aiki ke jawowa, waɗanda ake biyan diyya a kansu. Mu da ba mu da rigakafin tamu cutar, hana cizon shi ne abin da ya rage mana.

Kariyar farko sutura ce. Dogon wando da aka cusa ƙafarsa cikin safa, takalmi rufaffe mai tsawo, riga mai dogon hannu da aka cusa cikin wando, da hula. Hikimar ita ce kaska daga ƙasa take hawa, idan ba ta sami ƙofa ba dole ta bi ta kan tufafi, inda za a gan ta, musamman idan tufafin masu haske ne kamar kaki. Masu iya magana sun ce kaska ta mutu da haushin kifi, saboda ba ta da inda za ta kama shi. Na san uzurin da za a kawo, kuma uzuri ne na gaskiya: a watan Afrilu zafin Birnin Kebbi yana haura digiri 40, mai sara da gatari cikin safa da takalmin roba yana ji kamar ana dafa shi, shi ya sa za ka ga lebura da silifas da wando naɗe zuwa gwiwa. Maganin wannan shi ne yadin auduga mara nauyi, da fara aikin cikin ciyawa da sanyin safiya, da ajiye aikin fili zuwa lokacin da rana ta ɗaga. Tafiya kuma a bi tsakiyar turba, a daina goga kafaɗa da ciyawa in ba dole ba. Wurin hutu da salla a share shi ƙal a shimfiɗa tabarma, nesa da makwancin shanu. Ko zagayawa za a yi, a nemi fili, domin tsuguno cikin ciyawa yana kai kaska daidai inda ta fi so.

Kariya ta biyu magani ne, kuma a nan sai an yi hattara. Akwai fametirin, dangin maganin da ke jikin gidan sauro, wanda ake fesa wa tufafi da takalmi da ƙarfin kashi 0.5 cikin 100, a bar su su bushe a inuwa kafin a sa. Ba a shafa shi a fata. Fesawa ɗaya takan kai wanki biyar zuwa shida, kayan da aka jiƙa tun daga masana'anta kuwa sun fi haka daɗewa nesa ba kusa ba. A wani gwajin da aka yi da ma'aikatan daji da na gandun namun daji a jihar Karolina ta Arewa a Amurka, wanda aka wallafa a 2014, kaki mai fametirin ya rage cizon kaska da fiye da kashi 80 cikin 100 a shekarar farko, amfanin ya ragu sosai a shekara ta biyu, abin da ke nuna cewa dole a riƙa sabunta kayan. Wannan magani guba ne ga kifi, don haka kada a wanke irin wannan tufafi a gulbi, balle a jihar da Argungu da Yawuri ke ci daga ruwa. Na shafawa a fata kuwa shi ne mai sinadarin DEET na kashi 20 zuwa 30, a wuyan hannu, wuya da idon sawu. Abin da nake roƙon kowa ya guje masa shi ne shafa maganin wankan shanu ko fiya-fiya ko maganin feshin gona a jiki ko a tufafi. Waɗannan suna ratsa fata, gumi da zafi suna ƙara musu saurin shiga, kuma suna iya kashe mutum kafin kaskar ta yi masa komai.

Kariya ta uku ba ta cin ko kwabo, amma ita aka fi sakaci da ita: duba jiki kowace yamma. Kafin a shiga gida a kakkaɓe kayan aiki a waje, a shanya su a rana nesa da ɗakin kwana da inda yara ke wasa, a yi wanka da wuri, cikin awa biyu in da hali. Wanka yana zubar da waɗanda ba su kafa baki ba, wadda ta kafa kuwa sai hannu ya lalubo ta. A bi tsakanin yatsun ƙafa, bayan gwiwa, matsematsi da al'aura, layin mazagin wando, cibiya, hammata, ƙarƙashin nono ga mata, bayan kunne, ƙeya da cikin gashi. Bayan mutum sai wani ya duba masa, abokin aiki ko iyali, kuma babu abin kunya a ciki. Musulmin da ke cire takalmi don alwala sau da yawa a yini yana da damar da ba kowa ke da ita ba, in dai zai ƙara daƙiƙa kaɗan ya dubi ƙwaurinsa da kyau.

Idan an same ta a maƙale, yadda za a cire ta yana da muhimmanci ƙwarai. A sami ɗan hantsaki mai siririn baki, irin na cire ƙaya, a kama ta daf da fata a wajen kai, kada a matse cikinta, a ja ta sama a hankali ba fizga ba murɗawa har ta saki. In babu hantsaki, a ɗaura zare a wuyanta daf da fata a ja, ko a rufe yatsu da leda. Kada a ɗiga mata kananzir, fetur, man shafawa ko toka mai zafi, kada a kai mata ashana ko wutar sigari, domin duk wannan ɓata lokaci ne, yana kuma iya sa ta ƙara zuba abin da ke cikinta. Bayan ta fita a wanke wurin da hannuwa da sabulu, a goga sifirit in akwai. Ita kuma a jefa ta cikin kwalba mai murfi ko cikin wuta, ba a fasa ta da farce ba. Idan guntun bakinta ya karye a ciki ya ƙi fita cikin sauƙi, a bar shi fata za ta fitar da shi, tonon reza ne ke mayar da wurin gyambo. Wadda ta shiga cikin kunne kuwa aikin asibiti ce.

Daga ranar sai a fara ƙirga. A riƙe kwanan watan, a lura da jiki na mako biyu zuwa uku. Idan zazzaɓi ya zo, a tafi asibiti, kuma tun kafin a tambaya a ce: "Likita, ni aikin daji nake yi, kaska ta cije ni kwana kaza da suka wuce, ga wurin." Wannan jimla tana iya sauya maganin da za a rubuta gaba ɗaya. Kafin a ga likita, farasitamol kaɗai ya dace a sha don zafin jiki. Asfirin, ibufurofen da daikulofenak, waɗanda leburori ke sha kamar gyaɗa saboda gajiya, suna ƙara zubar jini. In aka ga haɓo, jini a dasashi ko amai, ko tabo a fata, ko mutum ya fara ruɗewa, wannan ba na kwana a gida ba ne, kuma masu jinya su sa safar hannu, kada jininsa ko amansa ya taɓa fatarsu, domin ta haka cutar ke kama iyali da ma'aikatan asibiti.

Kusan kowane ma'aikacin daji a Kebbi yana da 'yan awaki ko saniya a gida, wani kuma da karen da ke bin sa sintiri. Kaskar da ya tsere wa a daji tana iya tarar da shi a turke. Tsintar kaska daga jikin dabba da hannu tsirara, da fiɗar zomo ko bushiyar da aka kamo, da yankan layya da hannu mai rauni, duk ƙofofi ne. A nemi malamin dabbobi ya tsara wankan dabbobin da maganin da ya dace a kan lokaci. Cinna wa daji wuta da sunan kashe kaska kuwa asara ce tsantsa: dashen shekara biyar zai ƙone cikin awa ɗaya, kaskar da ke tsagar ƙasa da wadda ke jikin shanu kuma su dawo da ruwan farko.

Ba adalci ba ne a jibga wa lebura duk wannan nauyi. Mutumin da ake biya kuɗin yini ba zai sayi takalmi da safa da fametirin daga abin da bai ishe shi hatsi ba. Wanda ya tura shi dajin, ko ma'aikatar muhalli ce, ko ƙaramar hukuma, ko ɗan kwangilar dashe, shi ya kamata ya ba da kayan, kamar yadda yake ba da adda da baro. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasa, NSITF, ke gudanarwa, ta haɗa da cututtukan da ake ɗauka saboda aiki, sai dai diyya tana buƙatar hujja, hujja kuma tana buƙatar rubutu. Na san dazuzzukanmu suna da abin tsoro da ya fi kaska, domin daga Danko-Wasagu har Kuyambana ta Zamfara akwai wuraren da malamin daji ya daina taka ƙafa saboda 'yan bindiga. Amma wannan matsalar ba ta hannun shugaban gandu, ta kaska kuwa tana hannunsa, kuma sojoji da 'yan sa-kai da ke kwana a dazuzzukan nan su ma jikinsu ba ƙarfe ba ne.

Abin da kowane sansanin aiki zai iya farawa da shi a wannan daminar bai fi ƙarfin kowa ba: hantsaki biyu, kwalbar sifirit, sabulu, 'yan kwalabe masu murfi, da littafi guda. A littafin a rubuta sunan wanda aka ciza, ranar, ɓangaren dajin da ya yi aiki, irin kaskar, da ko zazzaɓi ya biyo baya. Kwalaben a miƙa wa malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, wanda zai iya tura su ga masu bincike a Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru, ko tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, ko cibiyar binciken dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato. Bayan damina biyu, shugaban sansanin zai san wane kwari da wane wata ne suka fi kwantar masa da mutane, jami'in lafiya na garin da ke kusa zai san ya tanadi doksisaikilin kafin watan Yuni, ma'aikacin da ya kwanta kuma zai sami shafin da zai nuna idan aka tambaye shi inda ya kwaso ciwon.